Yaya zan fahimtar da yaran da suka tashi a Saudiyya bambancin kotunan tarayya da na jiha?

Malamar Gwamnati, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da darasin Gwamnati da na ilimin zama ɗan ƙasa a wata makaranta ta 'yan Najeriya a nan Jidda, daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa aji biyu na babba, kuma na zo neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar koyarwa ko a harkar shari'a. Mafi yawan ɗalibaina a nan aka haife su, wasunsu ba su taɓa taka Najeriya ba sai sau ɗaya ko biyu lokacin hutu, amma manhajar gida muke bi, domin burin iyayensu shi ne su zana jarrabawar kammala sakandare ta can, su shiga jami'o'inmu.

Makon jiya muka shiga babin ɓangaren shari'a. Na zana musu tsani a allo kamar yadda aka zana mana muna yara: Kotun Ƙoli a can sama, Kotun Ɗaukaka Ƙara a ƙarƙashinta, sannan Babbar Kotun Tarayya, sannan Babbar Kotun Jiha, har zuwa kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci a matakin ƙarshe. Sun kwafa tsaf, sun haddace kamar karatun allo. Da na zo gwada su, sai na ba su misalin wani mutum a Bichi da ya yi shari'ar fili da maƙwabcinsa a Babbar Kotun Jihar Kano, hukuncin bai yi masa daɗi ba, na tambaye su inda zai nufa. Fiye da rabin ajin suka rubuta Babbar Kotun Tarayya. Da na ce ba haka ba ne, wata yarinya mai kaifin basira ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai tarayya ta fi jiha, kamar yadda Riyad ta fi Jidda, kuma ke da kanki kika ɗora ta a sama."

Na rasa abin cewa nan take, domin ta yi gaskiya game da zanen. Ga kuma matsala ta biyu wadda ta fi wannan zurfi. Yaran nan sun tashi a ƙasar da take da sarki ɗaya da yankuna 13, amma babu yankin da yake da majalisar da ke yi masa dokokinsa na kansa, babu kuma wanda yake da kotunansa daban; dokar da alƙali zai duba a Jidda ita ce wadda takwaransa zai duba a Abha. Saboda haka maganar cewa Kano na da dokarta, Legas na da tata, ga kuma ta tarayya a kan kowa, baƙuwa ce a kunnensu.

Tambayoyina biyu ne. Ta wace hanya zan gyara wannan fahimta ba tare da na sake tura su ga haddar sunaye ba? Sannan, tun da littafinmu yana kwatanta tsarin shugaban ƙasa na Najeriya da na Amurka, shin ya dace in shigo da kotunan Amurka a wannan mataki, ko kuwa zan ƙara rikita su ne?

Tsohon Rajistara, Makka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, domin kuskuren da ta yi manya masu gemu suna yin sa. Na yi aikin rajistara a kotunan wata jiha ta Arewa har na yi ritaya kafin in dawo wajen ɗana a nan Makka, kuma ba zan iya ƙirga mutanen da suka zo teburina suna cewa za su "wuce tarayya" saboda an kayar da su a jiha ba.

Shawarata ta farko ita ce ki goge tsanin nan. Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Jiha tsara ɗaya ne, ɗaya ba ta sauraron ɗaukaka ƙara daga ɗayar, kuma duk wanda bai gamsu da hukuncin kowacce daga cikinsu ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara zai nufa, kamar yadda sashe na 240 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Abin da ya raba su shi ne hurumi, wato irin maganar da doka ta yarda kowacce ta saurara. Idan kalma ɗaya kawai yaranki za su fita da ita daga wannan babi, to ta zama wannan. A kasuwannin garuruwanmu, rigimar mahauta wajen Sarkin Fawa ake kai ta, ta maƙera kuma wajen Sarkin Maƙera, kuma ba a taɓa jin mahauci ya kai ƙarar Sarkin Fawa gaban Sarkin Maƙera ba. Idan abin ya gagara, gaban hakimi ake zuwa.

Tarihin kotun tarayyar ma yana taimakawa. An kafa ta a 1973 da sunan kotun kuɗaɗen shiga na tarayya, sai a 1979 ta samu sunan da take da shi yanzu, wato tun asali an yi ta ne domin wasu keɓaɓɓun al'amura. Sashe na 251 ya jera su: kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kwastan, harkar bankuna da kuɗin ƙasa, dokar kamfanoni, haƙƙin mallakar fasaha, sufurin ruwa da na sama, zama ɗan ƙasa da fasfo da shige da fice, ma'adinai da man fetur, magunguna da guba, da cin amanar ƙasa. Babbar Kotun Jiha kuwa, bisa sashe na 272, huruminta ya fi faɗi, domin kusan duk abin da ba a keɓe wa wata kotu ba nata ne: fili, bashi, saɓa yarjejeniya tsakanin mutane, kisan kai, fashi da makami. Ki gaya wa yaran cewa yawancin 'yan Najeriya za su rayu har su koma ga Allah ba su taɓa samun dalilin shiga kotun tarayya ba, amma da wuya a samu gidan da bai taɓa taka kotun jiha ba, ko da a kan rabon gado ne.

Kada kuma ki bar kotunan shari'ar Musulunci a gindin zane kamar wasu 'yan rakiya. Sashe na 275 ya ba duk jihar da take buƙata damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, kuma babbar kotu ce mai cikakken matsayi a kundin, huruminta a sashe na 277 ya shafi aure da saki da riƙon yara da wakafi da kyauta da wasiyya da gado. Daga gare ta sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa, shi ya sa kundin ya wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a cikinta, da aƙalla uku masana dokokin gargajiya.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wani ɗan kasuwa ya samu saɓani da abokan haɗin gwiwarsa a kan hannun jari da shugabancin kamfanin da suka yi wa rajista tare, lauyansa ya shigar da ƙarar a wajenmu, aka shafe shekaru ana ɗage zama, a ƙarshe ya yi nasara har ya yi walima. Abokan hamayyarsa suka ɗaukaka ƙara, ba su ma tsaya kan wanda ya ci amanar wani ba, hujjarsu guda ce, cewa magana ce ta dokar kamfanoni wadda ba ta cikin hurumin kotun jiha. Aka rushe hukuncin baki ɗaya. Ranar da ya dawo karɓar takardunsa, ya zauna a benci gaban ofishina riƙe da fayil ɗin ya fi awa ɗaya, yana ta maimaita cewa ai alƙali ya ce shi ne mai gaskiya. Gaskiyar tasa tana nan, ƙofar da ya bi ce ba tasa ba, dole ya koma farko.

Wani abin da zai ɗaure wa yaran kai, gara ki riga su faɗa: rundunar 'yan sandan Najeriya ta tarayya ce, babu jihar da kundin ya ba 'yan sandanta, amma ɓarawon da suka kama a Sabon Gari gaban majistaren jiha za su gurfanar da shi, domin dokar da ya karya ta jiha ce. A Arewa tushenta shi ne kundin hukunta laifuffuka da ake kira Final Kod, a Kudu kuwa wani kundin ne daban. Ke nan ba wanda ya yi kamun ake dubawa ba, dokar da aka karya ake dubawa.

Malam Mai Alli, Riyad

Baba Rajistara, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya wadatar, sai dai ina neman afuwa a kan misalin Sarkin Fawa. Ni da Malama mun san shi, amma yaron da aka haifa a Jidda wanda bai san nama ba sai a cikin leda daga firji, sai an sake yi masa darasi guda kafin ya gane misalin. Ni na saba farawa da abin da suke gani a gida. Duk yaron da ya tashi a nan ya san maganar igama, wato takardar izinin zama, Jawazat (hukumar fasfo) ake kai ta, tarar mota Murur ('yan sandan hanya), lasisin shago Baladiyya (hukumar gari), kuma ya san mahaifinsa ba zai je Murur ya kai ƙarar Jawazat ba. Kotunan ƙasar nan ma haka suke tun dokar tsarin shari'a ta 2007: akwai kotunan gama-gari, da na laifuffuka, da na al'amuran iyali, da na kasuwanci, da na ƙwadago waɗanda suka fara aiki a 2018, ga kuma Diwanul Mazalim mai sauraron ƙorafi a kan hukumomin gwamnati. Saboda haka rabon hurumi bisa nau'in magana ba sabon abu ba ne a wajensu. Sabon abu guda ɗaya ne, cewa a Najeriya gwamnatoci iri biyu ne suke yin doka, kuma kowacce tana da kotunanta.

Ga yadda nake yi da 'yan ƙaramar sakandare. Nakan liƙa takarda a kusurwoyin aji huɗu da sunayen kotuna, in ajiye kujera ɗaya a tsakiya a matsayin Kotun Ɗaukaka Ƙara, teburina kuma ya zama Kotun Ƙoli. A kowace kusurwa nakan zaunar da ɗalibi ɗaya a matsayin rajistara, in ba shi jan biro da ikon ya rubuta "babu hurumi" ya kori mai ƙara. Sauran nakan raba musu katuna, kowane kati da labari mai layi biyu: an kama mutum da fasfon bogi a filin jirgin Malam Aminu Kano, 'yan'uwa sun kasa raba gidan mahaifinsu a Katsina, an zare wa wata mata waya a Kantin Kwari, jami'an NDLEA sun kama kwalayen ƙwaya a mota, kamfani ya kori ma'aikaci bai biya shi haƙƙinsa ba. Wannan na ƙarshe tarko ne, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa zai je, wadda gyaran kundin na 2010 ya shigar cikin manyan kotuna, kuma ba na liƙa sunanta sai sun yi ta yawo da katin kowa ya kore su. Hayaniyar takan yi yawa, har malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya taɓa leƙowa ya ga ko faɗa ake yi, amma ban taɓa ganin wanda aka kora da jan biro ya sake manta dalilin korarsa ba.

Kati ɗaya nake ɓoyewa sai ƙarshe, wanda ke cewa jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suna ƙarar gwamnatin tarayya a kan sauya fasalin naira. Duk rajistarorin sukan ƙi karɓa, mai kujerar tsakiya ma ya ce ba a fara shari'a a wajensa. Sai in nuna musu sashe na 232, wanda ya ce rigima tsakanin tarayya da jiha, ko tsakanin jiha da jiha, kai tsaye Kotun Ƙoli ake kai ta, kuma haka aka yi: ranar 3 ga Maris, 2023, kotun ta ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1000 su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba na shekarar. Wani yaro a ajina da ya yi wannan lokaci a Zariya wajen kakarsa ya miƙe ya ba da labarin yadda suka yi sammako bakin banki suka wuni a layi suka dawo hannu rabbana, kuma daga ranar ajin ya daina ɗaukar Kotun Ƙoli a matsayin suna a saman allo.

Ga 'yan babbar sakandare kuwa, babu misalin da ya kai rikicin masarautar Kano na 2024, lokacin da Babbar Kotun Tarayya da ke Kano da Babbar Kotun Jihar Kano suka ba da umarni masu karo da juna, har a Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce maganar sarauta ba ta cikin hurumin kotun tarayya.

Ɗalibin Shari'a, Madina

Ina gaida malamai da iyaye. A kan tambayar Malama ta biyu zan tsaya. A ganina kada a kai 'yan ƙaramar sakandare Amurka ko kaɗan, amma ga manya tana da amfani, muddin an gabatar da ita domin nuna bambanci, domin kamar da ke tsakanin ƙasashen biyu a wannan fanni ta suna ce kawai.

A Najeriya hanyoyin biyu suna haɗewa da wuri. Babu jihar da take da kotun ƙoli tata, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara da aka kafa a 1976 da Kotun Ƙoli da ke Abuja duk na tarayya ne, ga shi ko alƙalin Babbar Kotun Jiha gwamna ba ya naɗa shi sai da shawarar Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa. A Amurka kuwa hanyoyi biyu ne cikakku da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ɓangaren tarayya yana da kotunan gunduma 94, da kotunan ɗaukaka ƙara 13, da Kotun Ƙoli mai alƙalai tara waɗanda ba su da shekarun ritaya na dole, saɓanin namu da suke sauka a shekara 70. Kowace jiha cikin 50 tana da kotunta ta ƙarshe, kuma idan magana ta tsaya kan fassarar dokar jiha zalla, hukuncinta shi ne na ƙarshe, Washington ba ta da ta cewa. A jihohi da dama ma zaɓen alƙalai ake yi da ƙuri'a. Akwai kuma tarkon suna da ya kamata a faɗakar da ɗalibai: a jihar Niyok, kotun da ake kira kotun ƙoli ita ce wadda ake fara shari'a a cikinta, ta ƙarshen sunanta kotun ɗaukaka ƙara.

Shari'u biyu sun isa su nuna wannan. Ta farko ta wani talaka ce mai suna Gideon, wanda aka tuhuma da fasa wani wurin wasa a jihar Fulorida, ya roƙi kotun jiha ta ba shi lauya domin ba shi da kuɗi, aka ƙi, aka ɗaure shi. Daga kurkuku ya rubuta takardar koke da fensir zuwa Kotun Ƙoli ta ƙasa, wadda a 1963 ta yanke cewa dole jiha ta ba wanda ba shi da hali lauya a manyan laifuffuka, kuma da aka sake shari'ar da lauya aka wanke shi. Shari'arsa ta jiha ce, ta tsallaka zuwa tarayya ne kawai saboda ta taɓo haƙƙin da kundin tsarin mulkin ƙasa ya ba shi. Ta biyu ta ɗalibai ce sa'annin naki, waɗanda a 1965 aka dakatar daga makaranta a jihar Ayowa saboda sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu domin nuna adawa da yaƙin Biyetnam. Su tun farko kotun gunduma ta tarayya suka nufa, suka sha kaye, har a 1969 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu. Idan yaran suka iya zana hanyar da kowacce ta bi, suka kuma faɗi inda makamanciyarta za ta bi a Najeriya, sun gama babin.

Maman Tagwaye, Jidda

Ni uwa ce ba malama ba, amma ina roƙon Malam Mai Alli ya yi haƙuri, maganar masarautar Kano a bar ta a waje. Yaran da ke ajin nan iyayensu suna haɗuwa a masallaci da wajen suna da biki, kuma kowane gida yana da ɓangaren da yake so. Yaro zai koma gida ya ce Malama ta ce kotu kaza ba ta da hurumi, uban ya ji kamar an ce sarkinsa ba sarki ba ne, kafin a ankara an kira shugaban makaranta a waya.

Malamar Gwamnati, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ranar Lahadi na goge tsanin a gabansu, na ce musu zanen nawa ne ya kai su ga kuskure, sannan na jera manyan kotunan a layi ɗaya da kibiyoyi masu haɗuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Na yi wasan katunan da 'yan aji uku, kuma yarinyar nan na ba jan biro a kusurwar tarayya, ta kori mai shari'ar filin Bichi da irin muryar da na tabbata a ofishin Jawazat ta koyo ta. Na bi shawarar Maman Tagwaye a kan masarauta, ko da yake na yarda da Malam cewa misalin ya fi kowanne fito da matsalar fili; a madadinsa zan yi amfani da hukuncin 11 ga Yuli, 2024 a kan kuɗaɗen ƙananan hukumomi, wanda shi ma kai tsaye aka shigar da shi Kotun Ƙoli. Amurka kuma na ɗage ta sai zango mai zuwa, ga 'yan aji biyu na babba kaɗai.

Saura tambaya ɗaya da wani yaro ya yi mini wadda na yi masa alkawarin amsa. Kawunsa soja ne, yana so ya san inda kotun soja take a cikin zanen, da kuma ko wanda ta hukunta yana da inda zai kai kuka. Baba Rajistara, ko za a taimaka?

Tsohon Rajistara, Makka

Ki sa mata kusurwa ta daban a ɓangaren tarayya, 'yata, domin dokar rundunonin soja ta tarayya ce ta samar da ita, kuma ba kotu ce mai zama kullum ba, ana kafa ta ne idan an samu sojan da za a tuhuma, hafsoshi ne kuma suke zama a cikinta. Wanda ta hukunta yana iya ɗaukaka ƙara, kuma sashe na 240 ɗin da na ambata ya ambaci kotun soja a cikin waɗanda ake kai hukuncinsu Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan sai Kotun Ƙoli. Ki ja kibiyarta zuwa kujerar tsakiya kamar sauran.